Fayil ya ƙi buɗewa? Tarihin wutsiyoyin suna daga zamanin fulofi zuwa WhatsApp, da yadda za ka ceto naka

Yau ba za mu fara da "danna nan, danna can" ba. Tarihi za mu ɗan taɓa tukuna, domin matsalar da za mu yi magana a kai, wanda bai san asalinta ba yakan goge abin da ba zai sake samu ba.

Ka san yanayin ai. An turo maka fayil, ko ka tono shi daga tsohon faifan CD, ka sa a kwamfuta, sai ka ga alamarsa fari fat kamar takardar da ba a rubuta komai ba. Ka danna sau biyu, Windows ta tambaye ka da wace manhaja kake so a buɗe shi. A waya kuwa ko tambayar ba za a yi maka ba, sai dai a ce ba zai buɗu ba. Yawancinmu a nan sai mu ce "ya lalace" ko "bairos ne", mu goge, mu huta.

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da kewayen Haɗejia, wani saurayi daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo ya zo mini da CD ƙunshe cikin leda. Mahaifinsa tsohon malamin firamare ne, Allah Ya yi masa rasuwa. Ya kwashe shekaru yana bin dattawa yana rubuta tarihin zuriyarsu, har da iyakokin gonakin gado na fadama, aka buga masa a wani shagon kwamfuta wajen shekarar 2000. Kwafin takardar ruwa ya ci. CD ɗin nan kaɗai ya rage, a cikinsa fayil ɗaya tak mai suna TARIHI.P65. Ya kai shago uku, duk sun ce masa ya mutu. Fayil ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Manhajar da ta haife shi ce ta bar duniya. Bari mu koma baya ka ga yadda aka yi.

WUTSIYAR SUNA

Kowane fayil yana da suna, sai ɗigo, sai wasu 'yan haruffa a ƙarshe: .pdf, .jpg, .mp3. Waɗannan 'yan haruffan mu kira su wutsiya. Al'adar ta samo asali tun kwamfutocin shekarun 1960, ta kafu sosai da MS-DOS wadda ta fito a 1981. A lokacin sunan fayil ba ya wuce haruffa 8, wutsiya kuma ba ta wuce 3. Shi ya sa tsofaffin fayiloli suke da gajerun sunaye da manyan haruffa. Sai Windows 95 ta zo ta ba da damar dogon suna, amma kuma ta zo da wata ɗabi'a da har yau muke fama da ita: tana ɓoye wutsiyar fayilolin da ta sani. Mutum sai ya shekara goma yana amfani da kwamfuta bai taɓa ganin wutsiya ba.

Kwamfuta ba ta leƙa cikin fayil kafin ta buɗe shi. Wutsiyar kawai take dubawa, sai ta duba rajistarta ta ga wace manhaja ce ta ce "ni ce mai wannan". Idan babu wadda ta amsa, shi ne za ka ga farar alamar nan. Ma'ana, saƙon da ka gani ba shaida ba ce cewa fayil ya lalace. Kwamfutarka ce ba ta da tafinta.

ZAMANIN FULOFI DA SHAGUNAN BUGA TAKARDA

Kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi da jami'o'in Arewa sosai daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin 1990. A lokacin Microsoft Word ba shi ne sarki ba. Akwai WordStar, akwai WordPerfect, musamman samfurin 5.1 na 1989 mai shuɗin allo, wanda sakatarori da yawa suka koyi aiki a kansa. Ana ajiye aiki a faifan fulofi, ɗan murabba'in nan baƙi da ke ɗaukar megabayit 1.44 kacal. Hoto ɗaya na wayarka ta yau ba zai shiga ba. Daga baya CD ya zo da megabayit 700, aka ga kamar an samu rumbu.

An ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, kenan takardun sabuwar jiha da yawa an haife su ne a daidai wannan zamani na sauyi daga tafireta zuwa kwamfuta. Zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka buɗe makarantar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure a 2001, matasa suka yi ta fitowa suna buɗe shaguna a Dutse da Haɗejia da Gumel. Duk mai katin biki, ko kalandar makaranta, ko ɗan littafi, can yake kaiwa.

Manhajoji biyu ne suka riƙe waɗannan shaguna. Ta farko PageMaker, wadda kamfanin Aldus ya fitar a 1985, Adobe ya saye kamfanin a 1994. Da ita ake tsara littattafai da jaridu. Samfurin 6.5 yana ajiye fayil da wutsiyar .p65, samfurin 7 na 2001 kuma .pmd. A 2004 Adobe ya sanar ya daina ci gaba da ita, ya mayar da hankali kan InDesign. InDesign ɗin ma ya ci gaba da buɗe fayilolin PageMaker har zuwa samfurin CS6, sababbin da suka biyo baya suka daina. Ka ga dalilin da ya sa yaron shago na yau, wanda aka haifa bayan 2001, zai kalli .p65 ya ce maka ya mutu.

Ta biyu ita ce CorelDRAW, ta 1989, mai wutsiyar .cdr. Ita tana nan da ranta, har gobe ita ce hannun daman masu buga fosta da kati a Kano da Zariya. Tata matsalar daban ce: tsohuwar Corel ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa. Wanda ya zana maka da sabon samfuri, ka kai maɗaba'a mai amfani da X3, sai a ce ba ya buɗewa. Maganin a hannun mai zanen yake, lokacin ajiyewa akwai wurin zaɓar tsohon samfuri. Irin wannan rikicin ne aka sha a 2007 da Word ya koma .docx, masu Word 2003 suka yi ta ganin fayil sun kasa taɓawa.

To yaya muka yi da TARIHI.P65? Akwai manhaja kyauta mai suna LibreOffice, wadda aka kafa a 2010. Masu yin ta sun ɗauki wahalar koyon tsofaffin tsare-tsare, tana buɗe PageMaker 6 da 7, da .cdr, da .wpd na WordPerfect, da .pub na Publisher, da .wps na tsohon Microsoft Works. Muka buɗe ɓangarenta na Draw, muka nuna masa fayil ɗin. Shafuka suka fito. Tsarin ya ɗan karkace, amma rubutun na nan. Sai dai murna ta koma ciki, domin abin da muka gani kenan: "}asar fadama ]aya ce, a ~angaren gabas..."

MATSALAR HARUFFA MASU ƘUGIYA

Wannan ciwon namu ne mu Hausawa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin Hukumar Fassara da Talifi ta Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 ta ƙara yaɗa su. Maɗaba'a tana da su a ƙarfe. Amma da kwamfuta ta zo, waɗanda suka ƙera ta Turanci suka yi wa tanadi, babu ƙugiya ko ɗaya a allon rubutunta. Masu bugawa sai su rubuta k da d da b, in an fitar da takarda a bi da biro ana sa ƙugiya da hannu.

A tsakiyar shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar NOUN, ya ƙirƙiro zubin haruffa na Hausa, wato irin su Times New Roman da Arial amma masu ƙugiya. Waɗanda suka fi shahara su ne Rabi'at da Abdalla. Marubuta da 'yan jarida da ɗaliban sashen Hausa sun ci moriyarsu ƙwarai. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron gurbi: a ɗauki maɓallan da ba a cika amfani da su a Hausa ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurinsu. Ka danna } sai allo ya nuna ƙ. A cikin fayil kuwa } ɗin ce a ajiye. Muddin kwamfutar tana da wannan zubi komai daidai, ranar da aka kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da shi sai asiri ya tonu. Shi ya sa har yau za ka ci karo da tsofaffin rubuce-rubucen Hausa a intanet ana cewa "}ungiya" da "]alibi".

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, har da namu. An dai ɗauki shekaru kafin kwamfutoci da wayoyi su kama. Yanzu in ka sa Hausa a Gboard, ƙ ɗin da ka rubuta ƙ ce a ko'ina.

Gyaran ba wuya. Ka kwashe rubutun ka zuba a Word, ka danna Ctrl da H, ka musanya ɗaya bayan ɗaya. A mafi yawan fayilolin da za ka gamu da su haka suke:

} ita ce ƙ, { ita ce Ƙ
] ita ce ɗ, [ ita ce Ɗ
~ ita ce ɓ, | ita ce Ɓ

Kafin ka ce a musanya duka, karanta layi biyu uku ka tabbatar haka naka yake, domin ba duk zubi ne ya bi wannan jeri ba. Cikin minti goma tarihin malamin nan ya dawo Hausa tsaf. Ɗansa ya yi shiru yana karanta sunayen kakanninsa, ni kuma na ba shi wuri.

FAIFAN FIM DA WAYAR NOKIA

Rubutu kenan. Sauti da bidiyo ma suna da nasu tarihin. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Kano, a kaset ya fito. Daga baya kasuwa ta koma faifan VCD, tsarin da aka fitar a 1993. In ka sa tsohon VCD na biki ko saukar karatu a kwamfuta, za ka ga folda mai suna MPEGAV, a ciki akwai AVSEQ01.DAT. Mutane da yawa sun jefar da faifan aurensu saboda wannan .dat ɗin. Bidiyo ne na MPEG-1, VLC yana kunna shi nan take. Amma lura, .dat wutsiya ce ta kowa da kowa, manhajoji barkatai suna amfani da ita don ajiye bayanansu. In ba a cikin MPEGAV ka same shi ba, kuma bai kai girman bidiyo ba, to wani abu ne daban.

Wayar GSM ta shigo Najeriya a Agustan 2001. Da wayoyi masu memori suka yawaita, sai ga sana'ar masu tura waƙa da wa'azi, daga Farm Centre a Kano har ƙananan kasuwannin ƙauye. Bidiyon lokacin .3gp ne, muryar da aka naɗa da waya .amr, wasanni da manhajoji irin su Opera Mini da 2go kuma .jar. Tafsirin malamai da yawa da suka rasu, da muryoyin iyayenmu, suna nan kwance a tsofaffin memori da waɗannan wutsiyoyi. VLC yana buɗe .3gp da .amr, a kwamfuta da waya duka. Shi kuwa .jar na tsohuwar Nokia ba zai yi aiki a Android haka kawai ba, an yi shi ne don wani tsarin waya daban.

LITTATTAFAN MALAMAI

Ɗaliban ilimi su ma sun sha nasu. Maktaba Shamila, wadda ta ɓullo a 2005, ta tara dubban littattafan Larabci a kwamfuta ɗaya, ta shiga hannun malamai daga Sakkwato har Maiduguri. Littattafanta na tsohon tsari suna da wutsiyar .bok. Danna shi sau biyu ba zai yi maka komai ba, ta cikin Shamila ake shigar da shi. A cikinsa kuwa rumbun bayanai ne na Microsoft Access aka sauya wa wutsiya.

Akwai kuma .djvu, wanda masu bincike a kamfanin AT&T na Amurka suka ƙirƙiro a 1996 don matse hotunan shafukan littafi su zama ƙanana. Tsofaffin littattafai da yawa da aka ɗauka a hoto da shi aka ajiye su. SumatraPDF yana buɗe shi a kwamfuta, ReadEra kuma a waya. Su ne kuma za su buɗe maka .epub.

TASWIRAR FADAMA

Wannan ya shafi mutanen Auyo kai tsaye. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗejia ya zama abin lissafi. Aikin noman rani na kwarin Haɗejia yana nan a Auyo, an gyara shi ƙarƙashin shirin TRIMING da tallafin Bankin Duniya. Inda duk ake rabon fili da ruwa, akwai masu awo da injiniyoyi, kuma fayilolinsu ba irin namu ba ne. Matashin da ya samu aikin tattara bayanan manoma, ko sakataren ƙungiyar masu amfani da ruwa, wata rana za a turo masa ɗaya daga cikin ukun nan.

Na farko .kml ko .kmz. Wannan mai sauƙi ne, Google Earth yana buɗe shi, har a waya. Na biyu .dwg, zanen AutoCAD, manhajar da ta fito tun 1982. Kamfanin Autodesk yana da manhajar kallo kyauta mai suna DWG TrueView. Na uku, wanda ya fi ba mutane ciwon kai, shi ne .shp na kamfanin Esri, daga farkon shekarun 1990. Shi ba ya tafiya shi kaɗai. Dole sai da 'yan rakiyarsa masu suna iri ɗaya: .shx da .dbf, galibi har da .prj. Shi .shp siffar gonar ce, .dbf ne ke riƙe da sunan mai ita da girmanta, .prj kuma yana faɗin inda take a doron ƙasa. Wanda bai sani ba sai ya turo maka .shp kaɗai ta WhatsApp, ka kwana kana zargin kwamfutarka. Ce masa ya haɗa su duka a zip ya sake turowa, sai ka buɗe da QGIS, ita ma kyauta ce.

NA ZAMANIN YAU

Kada ka ɗauka matsalar ta tsofaffi ce. Daga 2017 iPhone ta koma ɗaukar hoto da .heic, ka kai shago za a ɗora maka a fom ɗin neman aiki ko makaranta, fom ya ce .jpg yake so. Hotunan da kake saukewa daga intanet da yawa .webp ne, na Google, tun 2010. Muryar WhatsApp .opus ce. Windows tana da ƙarin manhaja ta HEIF a shagonta don .heic, sabon Paint yana buɗe .webp ka sake ajiye shi a .jpg, VLC kuma yana kunna .opus. Sannan Microsoft ya sanar da cewa Publisher zai kai ƙarshen wa'adinsa a Oktoban 2026. Duk makarantar da ke da katin sakamako ko takardar shaida a .pub, to ga wani .p65 nan tafe.

IN KA GAMU DA BAƘON FAYIL, BI WANNAN JERI

1. Yi kwafi. Kada ka taɓa gwaji a kan na asali. In a CD ko filashi yake, kwafe shi cikin kwamfuta, ka ajiye na asalin gefe.

2. Fito da wutsiya. Buɗe kowace folda, shiga View, ka kunna File name extensions. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show. Ka bar shi a kunne har abada.

3. Dubi girmansa. In ka ga 0 KB, babu komai a ciki, a sake turowa. In wutsiyar .crdownload ce ko .part, saukewa ce ba ta ƙare ba, data ko netiwok ne ya yanke.

4. Tambayi wanda ya ba ka: da wace manhaja aka yi shi, kuma a wace shekara? Wannan tambaya ɗaya ta fi awa biyu na lalube. Wutsiya ɗaya takan zama ta gida biyu. Misali .wps na iya zama na tsohon Microsoft Works, yana iya zama na WPS Office da ke wayarka.

5. Leƙa cikinsa. Danna dama a kan kwafin, zaɓi Open with, sai Notepad. Za ka ga shirme, kada ka damu, haruffan farko kawai muke nema, domin yawancin fayiloli suna faɗin ƙabilarsu a nan. %PDF na nufin PDF ne. PK na nufin zip ne ko danginsa, su .docx da .xlsx da .kmz da .epub, haruffan kuwa sunan Phil Katz ne wanda ya ƙirƙiro zip a 1989. Rar! na RAR ne. JFIF ko Exif kusa da farko hoton JPG ne. ftyp bidiyo ne irin MP4 ko 3GP, ko hoton HEIC. OggS sauti ne. #!AMR naɗaɗɗiyar murya ce. AT&T na DjVu ne. MZ kuwa manhaja ce mai gudana, a nan sai ka tsaya. Ka rufe Notepad ba tare da ajiyewa ba, kuma kada ka gwada wannan a kan fayil mai girman gaske, zai daskarar da kwamfutar.

6. In abin da ke ciki ya saɓa da wutsiya, gyara wutsiyar a kan kwafin. Fayil da ya zo ba wutsiya amma cikinsa %PDF, ƙara masa .pdf zai buɗe. Sai dai ka sani, sauya wutsiya ba ya sauya fayil. Ka mayar da .heic ya koma .jpg da hannu, cikinsa heic ne har yanzu. Juyawa ta gaskiya sai an buɗe da manhaja an sake ajiyewa.

7. Riƙe manhajoji huɗun nan, duk kyauta: VLC don sauti da bidiyo, LibreOffice don takardu, 7-Zip don ƙunsassun fayiloli, SumatraPDF don littattafai. Ka sauke su daga shafukansu na asali.

INDA ZA KA YI HATTARA

Wani lokacin fa da gaske bairos ne. Ɓoye wutsiyar nan da Windows take yi shi ne ƙofar ɓarayi: fayil mai suna Sakamako.pdf.exe zai bayyana maka a matsayin Sakamako.pdf. A waya ma haka, katin gayyata ko fom ɗin tallafi da ya ƙare da .apk manhaja ce, ba takarda ba, kuma ta irin wannan hanya ake kwashe wa mutane kuɗi a asusu. In ka sa filashi a kwamfutar shago ka dawo ka ga foldodinka sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ka danna su. Fayilolinka suna nan an ɓoye su ne, kada ka yarda a yi maka fomatin. In kuma ka wayi gari duk fayilolinka sun samu ƙarin wutsiya iri ɗaya, kamar Hoto.jpg.djvu, tare da takardar neman kuɗi, wannan bairos ɗin garkuwa da fayil ne da ake kira STOP/Djvu, wanda ya yaɗu daga ƙarshen 2018 ta hanyar manhajojin sata. Ba ruwansa da littattafan DjVu, suna kawai ya ara. Cire wutsiyar ba zai warware shi ba. Cire kwamfutar daga intanet, ka nemi masani.

Shafukan juya fayil na intanet suna da amfani, amma duk abin da ka ɗora ya fita daga hannunka. Takarda mai lambar NIN, ko BVN, ko takardar fili, a juya ta a kwamfutar gida.

ABIN DA TARIHIN KE NUNA MANA

A 1986 BBC ta kashe kuɗi mai yawa ta tattara hotuna da bayanan rayuwar Birtaniya a faifan zamani, don cika shekara 900 da wani littafin ƙidaya na Ingila na 1086. Kafin shekara 16 su cika, da ƙyar ake samun na'urar da za ta karanta faifan, sai da masana suka yi aikin ceto a 2002. Littafin fata na 1086 kuwa yana nan ana karantawa.

Mutanen Auyo ba sa bukatar zuwa Ingila su fahimci wannan. Auyo tsohuwar masarauta ce, kuma tana da harshenta, Auyanci, ɗan uwan Badanci da Ngizim, kafin Hausa ta mamaye shi. Masanin harshe Russell Schuh, wanda Hausawa suka sani da Malam Takalmi, ya yi rubutu a kansa tare da harsunan Shira da Teshena. Abin da ya samu ya yi aiki da shi 'yan jerin kalmomi ne da aka rubuta kafin masu jin harshen su ƙare. Duk labarin da ke bakin tsofaffin da ba a juya shi zuwa Hausa ba, ya tafi da su. Fayil ma haka yake, yana rayuwa ne muddin akwai manhajar da ke jin yarensa.

Don haka aikinka na wannan mako: tono tsofaffin CD da memori da filashi na gidanku. Duk takarda mai muhimmanci ka ajiye ta iri biyu, PDF don a ga yadda take, .docx ko .txt don a iya gyarawa, kuma haruffan Hausa su zama na Unicode. Hoto a .jpg, sauti a .mp3, bidiyo a .mp4. Ka bar na asalin kusa da su, kada ka goge. Kwafi ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta ko filashi, ɗaya a Google Drive inda ruwa ba ya kaiwa. Mu da muke bakin kogi mun san darajar wannan na ukun. Sannan a buga ɗaya a takarda a ba wani ɗan uwa da ke tudu.

Saurayin nan ya tafi da tarihin mahaifinsa a PDF da .docx, ya buga kwafi biyar ya raba wa baffanninsa. CD ɗin ma ya mayar cikin ledarsa ya tafi da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare mu daga ambaliya da asara. Sai mun haɗu a darasi na gaba.